Ayabar da ta jira babban baƙo

Ko tsufa ya kai ni ga neman ɗankwalina alhali yana bisa kaina, ba zan manta da shekarar da aka ƙaddamar da sabon tsarin duwan, wato kwastan, da ayabata ba. Har gobe in na shaƙi ayabar da ta wuce nuna, sai na yi tsaki ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Ni Babarbariya ce, haifaffiyar Birni a Damagaram, sana'ata sayo ayaba daga kudancin Najeriya. Ɗanya shar nake ɗauko ta, don ta nuna a hannun matan da ke sara a wurina su kasa a tire. Duk wanda ya san ayaba ya san ba ta jiran kowa, ko ɗan sarki ne. A wannan tafiya kuwa duk abin da na mallaka yana cikin kamyo guda, wato babbar motar kaya, ga azumi ya ƙarato, matan kasuwa sun zuba ido suna jirana.

A da, in ka iso tashar duba kaya, ba zan faɗi wacce ba, sai ka yi ta bin biro-biro, ofis bayan ofis, kamar mai rabon goron biki. Ka je wurin duwan, ka je wurin masu duba tsirrai, ka nemo na lafiya, ka gaida jandarma, kowa da hatiminsa, kowa da lokacin shan shayinsa. To da muka ji an ce za a tara su duka a taga guda, a zuba komai cikin ordinata, wato kwamfuta, wallahi mun yi murna. Gyaran gaskiya ne, wannan ban taɓa musu ba.

Isowarmu ke da wuya sai ga wani siririn mutum mai gilashi, wanda aka turo daga Yamai don ya haɗa kan waɗannan ofisoshi. Bawan Allah, daga ganin wuyansa ka san aikin ya ci shi. Ya ce, "Hajiya, albishirinki." Na ce goro. Ya ce, "Ke ce ta farko a sabon tsari. Babban baƙo zai zo jibi ya danna maɓalli da hannunsa, kamyonki ya wuce a gaban tele. Muna son a ga mace 'yar kasuwa." Na ce masa, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci, "Mushe, ayaba ce fa, ba kanwa ba." Ya ce jibi-jibin nan. Kafin in gama buɗe baki an shigar da ni cikin ordinata, an ɗaure igiyar tamfol, an maƙala mata dalmar duwan, wadda ba mai tsinke ta sai an sallami kaya.

Jibi ta zo, baƙo bai zo ba, wai wani taro ya riƙe shi. Da aka sa wata rana sai shugabannin ofisoshin suka ɓata a kan wa zai zauna a tsakiyar taga. Aka sasanta wannan, sai mai duba tsirrai ya yi fushi, wai an yi zama ba a kira shi ba, shi ma ba zai sa hannu ba. Mai gilashi ya yi ta zarya a kan moto, wato babur, ya lallashi wannan ya ba wancan haƙuri. Na tare shi na ce a fitar da ni ta tsohuwar hanya, na yafe tele. Ya ce, "Hajiya, ba ya yiwuwa. Wanda ya shiga ordinata ba ya fita sai ta ordinata, maɓallin kuma na baƙo ne." Kai! Tsarin da aka kawo don sauri, shi ne ya ɗaure ni kamar akuyar layya.

Direbana, wani dattijo ɗan Mirriya mai ƙarancin magana, shi ke ba ni labari kowace safiya. Ya leƙa ta ɓular tamfol ya ce, "Hajiya, ta yi ruwan ɗorawa." Gaba kaɗan ya ce, "Ta fara ɗigo-ɗigo." Ranar da ya ɗauke tabarmarsa daga ƙarƙashin kamyo ya koma gindin wata bishiyar bedi can nesa, ban tambaye shi komai ba, don ni ma na ga abin da ke tsiyaya ƙasa. Na koma bayan biro na yi kuka na gaske, na share fuskata kafin kowa ya gani. Ma'aikatan tashar kuwa wanke kamyon suke ta yi, har da shafa wa tayoyi baƙin fenti, ana koya mini abin da zan ce: sabon tsari ya kawo sauri da sauƙi, mun gode.

Ranar da baƙo ya iso an kafa rumfuna, an jera kujeru nesa da kamyo, ta inda iska ba ta bi. Ya fito daga mota cikin farar babbar riga, dogo, fari, hanci har baka. Da ya yi sallama na ji harshensa, sai zuciyata ta ce, shi ke nan, Allah ya kawo mini nama har gida. Bafillace ne! Mu Barebari da Fulani kuwa taubasai ne tun kaka da kakanni. Abin da za ka faɗa wa wani babba a kwana da kai a kaso, wato kurkuku, taubashi sai dai ya haɗiye ya yi dariya, in ya yi fushi shi ya ji kunya.

Ya danna maɓalli, takarda ta fito kafin mai shan ruwa ya ajiye moɗa, aka yi tafi raf-raf. Aka miƙo mini lasifika. Na faɗi karatuna tsaf, sauri da sauƙi, mun gode, mai gilashi ya sauke ajiyar zuciya. Sai na ƙara da cewa, "Ashe duk jiran nan bawana nake jira? Da na sani ai da aike na yi a zo mini da kai." Wani jandarma har ya ɗaga ƙafa zai nufo ni. Baƙo ya dube ni, ya dubi zanen da ke fuskata, ya tuntsire da dariya ya ce, "La ilaha! Babarbariya, wa ya 'yanta ki har kika samu kamyo?" Na ce, "Zo ka karɓi tsarabarka, uwar gijiya ba ta sallamar bawanta hannu wofi."

Ba yadda zai yi, wasa ya kama shi a gaban jama'a. Ya biyo ni, tele na biye da shi. Aka tsinke dalma, direba ya yaye tamfol ya ja da baya. Jama'a, warin da ya taso sai da ya kori sahun gaba na masu rakiya. Ba ayaba a ciki, sai wani baƙin kunu mai kumfa, ƙudaje da zuma suna ta biki a kai. Baƙo ya kai hannun riga hanci, sannan ya sauke don kunya. Ya ce, "Tun yaushe kayan nan ke nan?" Na ce, "Ban iya lissafi ba, ka san mu ba ma ƙirga shanu. Amma ɗanya ta zo."

Nan dariyarsa ta ƙare. Ya juya ya dubi shugabannin ofisoshin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu abin kallo a takalminsa. Mai gilashi ne kaɗai ya matso ya ce, "Hajiya, ki yafe mana," idonsa ya yi ja. Shi na yafe masa nan take.

Da yamma aka nuna ni a tele, na sha lafaya, ina cewa sauri da sauƙi, mun gode. Sauran duk an yanke. Maƙwabta suna ta shigowa yi mini barka, ni kuwa ina tunanin masu shebur da zan nema su kwashe kamyon, da matan da suka shiga azumi da tire wofi. Na daɗe ina sarin kwando-kwando a hannun wasu kafin in sake iya cika mota. Ba a jima ba dai aka ware wa kayan da ke lalacewa layinsu daban, su ake fara sallama, kuma yau ayabata takan shigo kasuwa kore shar. Ba wanda ya ce saboda ni ne, ni ma ban tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, gyara yana da kyau, amma bikin gyara da kayan talaka ake yin sa. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da albishir ɗin cewa ni ce ta farko, sai in ce masa Allah ya saka da alheri, ni ta biyu nake so.