Tunkiyar Ya Falmata

Ranar wata Laraba ce, saura kwana huɗu a ɗauki azumi, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ina wanke-wanke a tsakar gidanmu da ke unguwar Abbaganaram da hantsi, sai ga maƙwabciyarmu Ya Falmata ta shigo, ko sallamar ba ta ƙarasa ba, tana janye da wata farar tunkiya mai baƙin kunne ɗaya. Lafayarta ta zame daga ka, ba ta tsaya gyarawa ba. A waje mota tana ta huci, an riga an ɗora katifu da tukwane. Ta damƙa wa Umma igiyar ta ce, "Maman Hadiza, ga wannan amana, sai mun dawo." Umma ta ce, "Allah ya kai ku lafiya." Iyakar abin da aka faɗa ke nan. 'Yarta Yagana, wadda kullum muke 'yar carafke tare a gindin dogonyaro, tana bayan motar a kan buhun gero. Na ɗaga mata hannu da kumfar sabulu, ita kuwa ƙafafunta take kallo.

A lokacin, saboda tashin hankalin da ake yi a garin, unguwarmu ta fara komawa kamar bakin tsohuwa, gida ɗaya da mutane, biyu a garƙame da kwaɗo. Ba wanda ke tambayar inda wani ya nufa. Mu ba mu tashi ba, don Baba, tela ne ɗan Kano mai taurin kai, ya ce a nan ya haifi 'ya'yansa.

Kafin ranar na san amana, amma a baki kawai. Malamarmu kan ba ni ragowar alli ta ce amana ce, in kawo gobe. A Islamiyya an ce mana ido amana ne, kunne ma haka. Umma in ta yi gulmar dangin Baba a gabana sai ta ja kunnena ta ce amana. Ban taɓa sanin amana tana cin dusa ba, tana kuka tun asuba, tana kuma ɓata tsakar gidan da na gama sharewa, sai da tunkiyar nan ta zo. Ni aka ɗora wa ita. Kafin in tafi makaranta in dama mata dusa da ruwan kanwa, in na dawo in bi masu kankana ina tsintar ɓawo, in yi sauri in shigo kafin lokacin dokar hana fita. Gaskiya ba na son ta. Amma na sa a raina cewa muddin tana nan da rai, dole Yagana ta dawo ɗaukarta, don haka ko rana ɗaya ban bar ta da yunwa ba.

Ashe da ciki aka kawo ta. Ta haifi ɗan rago, ya girma a gabanmu, ƙahonsa ya naɗe. Shekara ta biyu Babbar Salla ta zo ɗinki ya tsaya cak, keken Baba a lulluɓe da tsohon zane, gidanmu babu abin layya. Ga rago a ɗaure yana tuƙa, mu biyar muna kallonsa. Ƙanin Umma ya ce wa Baba, "Yaya, ka yanka mana, in sun dawo ka mayar musu da wani." Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba wani aka ba ni ba, uwar wannan aka ba ni." Ranar nan da miyar kuka muka yi salla, kuma da yamma ni ce na kai wa ragon harawa. Ban yi kuka ba, ban ma ji haushi ba. Na tsaya ina kallon yadda yake ci har ya gama.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Lambar wayar Ya Falmata ba ta taɓa shiga ba. Tumaki suka zama tara, suka cinye rabin tsakar gida, aka mayar da murhu lungu. Tsohuwar tunkiyar ta mutu a damina ta shida, Baba ya kira maƙwabta biyu su gani da idonsu kafin a fitar da ita.

Ina shirin jarrabawar gama sakandare Yagana ta zo. Da goyo a bayanta, ta rame, sai da ta faɗi sunanta na gane ta. Ta gaishe da Umma, ta roƙi ruwa. Baba ya kwance tumakin duka ya jero su a gabanta ya ce, "Ga amanar mahaifiyarki." Ta dube su kamar ba ta san mene ne su ba. Ta ce, "Baba, mahaifiyata ta rasu tun shekarar da muka tafi, a hanya. Ni ban ma san ta bar tunkiya ba." Ta ce ɗaki ɗaya take haya a Moduganari, ina za ta ɗaure su? Baba ya nemo mota duk da haka, ya loda su da hannunsa. Ni da Yagana muka tsaya a ƙofa muna kallo. Washegari da asuba na tashi na dama dusa, sai da na fito da kwanon na tuna.

Yanzu ina aure a Gomari, inda jirgi ke wucewa ta samanmu, mutane kuma sun koma tafiya don biki da suna. Yarana ba su san ƙarar da muka sani ba, na gode wa Allah. Wani lokaci nakan so a ce ina da irin zuciyar Baba, amma ba ni da ita. In maƙwabciya ta miƙo mini makullin ɗakinta, sai na tambaye ta ranar da za ta dawo, alhali na san ita ma ba ta sani ba.