Yaya Iyatu, Wa Zai Sansana Mini Subiya?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Zulƙida 1423, bayan la'asar, 'yarki Marwa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa a unguwar Sultana ta ce Allah Ya yi miki rasuwa. Aka sallace ki a Harami, aka kai ki maƙabartar Baƙi'a. Tun ranar tsoro bai sake ni ba, Yaya Iyatu, kuma ke kaɗai kika san dalili.

Daga Abeshe na zo garin nan na Manzon Allah ina bin mijina Ashafa, ke kuwa a nan kakanninki suka yada zango. Ke kika koya mini haɗa subiya, abin shan nan na sha'ir da mutanen Hijaz ke so, har ta zama sana'ata. Kika ja mini kunne cewa idan ta daɗe a ajiye, ko zafi ya buge ta, juyawa take yi ta zama mai sa maye, kuma hanci ne ke fara ganewa. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni, na tashi ba na jin ƙanshi ba na jin wari, harshena ma ya dakushe. Ban gaya wa kowa ba sai ke. Kullum da safe kina shigowa kamar kin zo gaisuwa, ki buɗe tulu ki sansana, ki gyaɗa kai ki fita.

Ba zan manta da walimar Alhaji Bakri ba, kafilin mijina, wanda zamanmu a ƙasar nan ke hannunsa. Duk shekarar da aka samu ruwa, yakan sa a haƙo masa faƙa'a, naman kazan nan da ke fitowa ƙarƙashin rairayi, a gasa a garwashi, ya tara malamai da maƙwabta a gidansa na Uhudu. Ni aka bar wa abin sha, gudummawata ke nan. Na ce zoɓo zan kai, kika harare ni. "Haba Sharifa! Tsamin zoɓo kashe faƙa'a yake yi. Farar subiya za ki kai, ta yau, da ɗan habbahan don ƙanshi."

Shekaru uku da suka wuce, ranar walimar, wuta ta ɗauke, firij ya daina sanyi ban ankara ba. Na riga na ɗura galan-galan, mota na jira, kika shigo. Kina buɗe murfi fuskarki ta canja. Nan take kika tuntsurar da su duka a magudana, kika aika aka ɗauko taki. Da malaman nan sun kurɓa, me zan ce? Mace baƙuwa ta kai giya walima a garin Manzon Allah! Da sai dai labarinmu a jirgi, an kore mu daga ƙasar. Wannan ma mai sauƙi ne a kan tsayuwata gaban Ubangiji.

Bana an yi ruwa, faƙa'a ta fito, Alhaji Bakri ya aiko: ranar Alhamis. Jiya na haɗa subiya yadda kika koya mini, na buɗe tulu na sa hanci, na ja numfashi har ƙirjina ya yi zafi. Ban ji komai ba. Na zauna ina kallon ƙofa, ba ki shigo ba, na tashi na zubar. Ruwan Zamzam zan kai, Yaya, kuma in an tambaye ni zan faɗi gaskiyar da kika rufa mini.

Ina yi wa Malam Haladu mijinki ta'aziyya, da Marwa da Sa'id da dukkan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri. Ke kuma Allah Ya jiƙanki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa nawa, Ya shayar da ke daga Alkausara, abin shan da ba ya juyawa. Amin.

Ƙanwarki, Sharifa, Sultana.