Ɗinkin Layar Kaka

Ƙamshin turaren ne ya fara iso ni, tun kafin in ga mai shi. Juma'ar da ta wuce ne, a harabar masallacin Regent's Park a nan ƙasar Turawa, ina sunkuye ina neman takalmina a cikin na mutane. Turare ne mai nauyi, irin wanda yake kama labule har kwana uku. Rabona da shi tun ina shekara goma sha ɗaya, amma nan take na gane shi.

A wani flat, gidan haya a bene, muka tashi a unguwar Croydon, hawa na biyu, mai warin kananzir saboda hitar ɗumama ɗaki da ba a kashe ta duk lokacin sanyi. Baba yana karatun injiniya da tallafin gwamnati. Lokacin ne kuɗin mai suka fara zuba a ƙasarmu, baƙi suna sauka wurinmu da akwatuna babu komai, su koma da su ba sa rufuwa. A cikin irin wannan zuwa aka kawo Kaka, mahaifiyar Baba, don a cire mata yanar ido. Kullum tana gefen hita da safa biyu a ƙafa, tana cewa ranar ƙasar nan kamar fitilar da manta ya ƙare. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai takwara.

Ran Asabar take mini kitso, da laluben yatsu tunda idon ba ya gani sosai. A nan, kaina yana kan cinyarta, na fara jin labarin Baffa, ƙanen Baba, wanda ba a ambatonsa a gidanmu. Kofur ne a yaƙin basasa. A wani ƙauye na bakin kogi aka tara mazan da aka kama a filin makaranta aka harbe su, wani Bature ɗan jarida kuma ya ɗauki hoto. Fuska ɗaya ce ta fito sarai a hoton, ta Baffa. Da jaridun waje suka yi ta surutu, sai aka ga ya kamata a nuna wa duniya cewa soja yana da horo. Da safe aka yi wa Baffa shari'a, kafin la'asar an ɗaure shi an harbe. Hafsan da ya ba da umarni a filin makarantar, shi ne ya zauna a kujera ya yanke hukuncin.

Na tambaye ta ko ƙarya aka yi wa Baffa. Ta ja gashina har sai da na ji zafi.

"Ban ce ɗana bai yi ba, takwara. Ya yi. Amma ba shi kaɗai ba ne a filin."

Kafin a fito da shi, Baffa ya rubuta komai da ajami a takarda ɗaya, wani mai dafa abinci a bariki ya kawo wa Kaka. Ta gaya wa Baba ta ƙona ta. Gaskiyar ita ce ta ninke ta ƙanana, ta sa fata ta ɗinke da baƙin zare da hannunta, ta zama laya. A wurinmu ba a farke laya, ko ɓarawo ba ya yi. Ranar nan ta rataya mini ita a wuya, ta ce ko wanka zan yi kada in ajiye ta inda ido ba ya kai.

Hafsan nan, wanda a lokacin ya zama Kanar, shi ne ya sa hannu aka ba Baba tallafin karatu. Ban fahimci ma'anar haka ba sai da na girma. Da babbar Sallah ya zo gidanmu, ya ce ya zo duba jikin tsohuwa. Baba ya sauka har titi ya tarye shi, Umma ta fito da kwanukan da ba a taɓawa. Ya durƙusa gaban Kaka ya gaishe ta da ladabi sosai, ta amsa da "lafiya" ɗaya, ta juya fuska wajen hita. Sai ya yi ta kewaye-kewaye, yana cewa ya ji an ce marigayi ya bar wasiyya, in akwai abin da zai cika a ciki shi a shirye yake. Baba ya ce babu, an ƙona, idonsa a ƙasa.

Ni aka sa in kawo ruwan wanke hannu. Na durƙusa da buta da tasa, ina zuba masa, sai layar ta zamo daga cikin rigata tana lilo a kan tasar, dab da yatsunsa. Ya kama ta da jiƙaƙƙen hannu, ya juya ta, ya shafa ɗinkin da babban yatsa. Ruwan ya ci gaba da zuba don na kasa ɗaga butar. Ya ce Allah ya tsare, ya sake ta. Kaka ba ta ci naman da ya kawo ba, Umma ta raba wa maƙwabta.

Kaka ta koma gida da ido ɗaya yana gani, ba ta yi shekara ba ta rasu. Bayan nan aka yi juyin mulki, aka sallami Kanar tare da wasu manya. Sai ga mutum biyu da kwat sun zo wurin Baba, suna cewa sabuwar gwamnati tana son gaskiya, ko akwai wata takarda a kan abin da ya faru a filin makaranta. Na tsaya a bayan ƙofa, layar a tafin hannuna, saura kaɗan in fito. Suka ce za su dawo. Ba su dawo ba, domin kafin sanyi ya fita an shirya da Kanar, an ba shi shugabancin wani kamfani. Ashe mutanen ƙauyen ba su dame su ba, igiyar ɗaure Kanar kawai suke nema, da buƙata ta wuce suka watsar.

Yanzu Baba yana gida, a wannan kamfanin yake aiki, ƙannena huɗu a ƙarƙashinsa. Ni aka bar ni wurin ƙanwar Umma ina koyon jinya. Ana ta shirin mulkin farar hula, an ce Kanar ya tuɓe kaki zai tsaya takara, kowa yana cewa abin da ya wuce a bar shi ya wuce.

To, ran Juma'a na ɗago da takalmi a hannu, ga Kanar tsaye cikin farar babbar riga, shi ne mai turaren. Na gaishe shi kamar yadda aka koya mini. Ya tambayi karatu, ya ce Baba yana nan lafiya, jiya ma suka yi waya. Sai idonsa ya sauka a wuyana.

"Har yanzu layar kakarki ce? Fatar ta tsufa, 'yata. Kawo mini ita Juma'a mai zuwa, in sa a sake miki ɗinki."

Ya faɗa a hankali, yana murmushi, mutane suna wucewa suna miƙa masa hannu. Ban san yadda na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba.

Washegari da hantsi na yi abin da ba a yi, na sa reza na farke ta. Ajamina na makarantar allo ta ran Asabar ne, da ƙyar na haɗa baƙaƙen. Akwai sunan ƙauyen, da sunan hafsan, da sunan wani malamin makaranta da ya roƙi a bar shi ya ɗaure igiyar takalminsa. A ƙarshe Baffa ya rubuta: "Na harba, Allah ya gani. A gaya wa Inna kada ta ce ban yi ba."

Na kwafe ta sau uku, baƙi bayan baƙi. Ban san wa zan ba ba, tunda masu neman ta sai ranar da ta yi musu amfani suke nema. Jibi Juma'a. Kanar babba ne, ya ce kawo, kuma abincin gidanmu yana hannunsa, zan miƙa masa da hannu biyu. Na mayar da takardar na ɗinke yadda na iya, sai da na gama na lura. Zaren Kaka baƙi ne, wanda na samu a gidan nan fari. Kuma na san yadda yake shafa ɗinki da babban yatsa.