Ƙasar da Ke Riƙe Mutum

Mahaifina magini ne. Ya yi shekara da shekaru yana ɗora bulo a Jos, daga Rikkos inda gidanmu yake har Congo-Russia da Jos Jarawa. Ban da gini, duk unguwarmu an san in aka yi rasuwa shi ne na farko da zai saɓi diga da shebur ya nufi maƙabarta, kuma ba ya son ko a yi masa godiya. Da ƙarfi ya ƙare, ciwon suga ya kama shi, mahaifiyarmu kuma ta rasu, sai gidan ya rage daga ni sai shi. Ni ne auta. Yayyena biyu sun daɗe da yin kudu: babban yana Legas yana sana'ar kayan gwari, mai bi masa yana Kwatano yana fito da motoci.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: na gaji. An yi mini tayin aiki a Abuja, kuma babu yadda zan tafi in bar tsoho shi kaɗai da allurarsa. Don haka da yayyena suka fara gardama a waya kan wanda zai ɗauke shi, ni na fi kowa zuga su. Wannan ya ce Legas akwai manyan likitoci, wancan ya ce Kwatano akwai kwanciyar hankali. Baba ya saurare su tsaf, ya ce ba a zaɓen gari a waya, sai ya taka da ƙafarsa.

Kafin mu tashi ya sa na kai shi sallama wurin wani abokinsa Ibo mai shagon siminti, wanda suka yi fiye da shekara talatin suna ciniki. Tun bayan rikicin Jos mutumin ya mayar da shagonsa can wancan ɓangaren gari, amma Baba bai daina zuwa ba. Suka shige ciki suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, ni ina waje ina duba agogo. Da suka fito, mutumin ya nuna ni da baki ya ce, "Auta, kai za ta kai Baba Legas? Legas ba ya san tsoho fa. Ni na zauna can, na sani." Na yi dariyar yaƙe, a raina ina cewa ina ruwanka.

Da damina muka tafi. Legas ta karɓe mu da zafi da cunkoso. Mutumin da ya saba kwana da bargo ko a watan bazara, sai ga shi yana fifita da hularsa tun da asuba. Ɗakin da babban yaya ya gyara masa yana bene hawa na biyu, masallaci kuma sai an tsallaka titin da motoci ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Amma ba zan yi wa Legas ƙarya ba: likitan da ya duba shi ya san aikinsa, kasuwa cike take da 'yan Arewa, kuma duk wanda ka gani yana da abin yi. Baba ya ce bai taɓa ganin garin da malalaci zai ji kunya irin wannan ba.

A rana ta uku, muna dawowa daga sallar la'asar, ya durƙusa a bakin hanya ya damƙi ƙasa, ya murza ta a tafinsa. Ya tambayi yaya, "Ƙasar nan tana riƙe mutum kuwa?"

Yaya ya washe baki, don ya ɗauka magana ta faɗa. Washegari ya ɗauko mota ya kai mu bayan gari, wurin wani fili da yake nema, inda ake ta zuba yashi ana cike fadama. Ya yi ta bayanin zurfin harsashin gini da yawan rodi. Baba ya dubi wurin ya ce Allah ya sa albarka kawai.

Daga nan muka bi gefen teku muka tsallaka iyaka zuwa Kwatano. Tafiyar ba ta da nisa, amma sai ka ce wata duniya ka shiga. Babura ko'ina, masu su sanye da rawayen riguna, amma babu ihun Legas. Gidan ƙaramin yaya a unguwar Zango yake, ɗaki a ƙasa, masallaci taku kaɗan. Baba ya samu barci a can. Da safe ya sha shayi da dogon burodin nan nasu, ya zauna a dakali da tsofaffin da Hausarsu ta gauraya da Faransanci, yana tsokanarsu wai sun jiƙa harshen kakanninsu a ruwan gishiri. Muka kai shi bakin teku, ya tsaya nesa riƙe da takalmansa ya daɗe yana tasbihi. Ni kuwa har na fara shirya jakata ta Abuja a zuci.

Nan ma ya damƙi ƙasa, ya yi tambayarsa. Ƙaramin yaya ya ce, "Haba Baba, ai in aka zuba kankare sosai har bene hawa uku tana ɗauka." Mu uku, 'ya'yan magini, babu wanda ya ji komai a tambayar sai gini.

Ana jibi za mu dawo, wani tsoho ya rasu a layin. Muka yi masa salla muka raka shi maƙabarta. An kwana biyu ana ruwa, kuma da muka isa, masu haƙa ba su gama fama ba. Yashi ne zalla. Suna gyara wannan gefe, wancan yana zubewa. Daga ƙasan ramin ruwa na tsattsafowa, wani yana kwashewa da bokiti, wasu suna jera bulo don gefen ya tsaya. Sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma da gani sun saba. Baba ya matsa har bakin ramin ya leƙa, irin leƙen da na sha ganin yana yi wa aikin yaransa a wurin gini. Ya juyo ya ce mini a hankali, "Auta, ka gani? Ba ta riƙewa."

Sai a lokacin na gane ƙasar da yake tambaya. Amma kada in yi wa kaina ado, abin da ya biyo baya haushi ne, don na san Abuja ta tafi.

A mota ban yi masa magana ba har muka fara Hawan Kibo, dab da Jos, iskar gida ta shigo ta taga. Shi ya fara. Ya ce Legas ta mai nema ce, in yana da ƙafa. Kwatano kuwa in ziyara ce, a kai shi gobe ma yana so. Amma zama, a shekarunsa, ba ɗaki kaɗai ake dubawa ba.

Na ce, "Baba, wanda ya mutu ina ruwansa da ruwa ko tsandauri?" Har yau in na tuna da muryar da na faɗi wannan magana sai kunya ta rufe ni.

Ya ce, "Babu ruwansa. Allah ya san bawansa ko a cikin teku. Ni da ban mutu ba tukuna ne abin yake hana ni sakewa. Na haƙa wa mutane da yawa, na haƙa wa uwarku. Ina son irin wanda na san yadda yake." Sannan ya ce, "Ka tafi aikinka, ban riƙe ka ba."

Ban tafi ba. Ba don kirki ba ne, kunyar idon unguwa ce. Na yi watanni ina yi masa allura fuska a ɗaure, shi kuma yana yi mini sannu kamar bai gani ba. A hankali haushin ya sake ni, ban ma san ranar ba. Yayyena suka yi ta mita a waya cewa tsoho ya cika taurin kai, ni kuma na kasa gaya musu dalili, don na ga kamar sirrinsa ne.

Damina ta biyu bayan tafiyar ya rasu, da hantsi. Yayyena suna hanya, ba za a jira su ba. Na ɗauki digarsa daga bayan ƙofa na bi masu haƙa. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, duk ruwan da aka sha a makon bai ratsa ta ba. Kafin in yi nisa tafin hannuna ya yi bororo, aka ce in ba wani, na ƙi. Gefen ramin ya tsaya a miƙe kamar bangon da Baba ya sa wa ma'auni. Da na shiga don karɓarsa, na shafa ƙasan da hannuna, na ji shi a bushe.

Da muka fito, na tarar da mai shagon siminti tsaye a wajen katangar maƙabarta, hularsa a hannu. Ya tsallako unguwar da ya yi shekaru bai taka ba. Ya bari mutane suka ragu, sannan ya kama hannuna mai bororon, ya ce, "Auta, ruwa ya shiga?"

Ashe tun ranar sallamar nan, da nake waje ina duba agogo, Baba ya gaya masa abin da za shi dubawa.

Na ce, "Bai shiga ba, Oga."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da hularsa. Ni da ban yi kuka ba tun safe, sai a nan na durƙushe.