Kujeru Biyar na Baba Faktoriyal

"Papa, likita ya ce ido ɗaya ya riga ya tafi! Jira kake na biyun ma ya bi shi?"

Kaltume ta dakata da tankaɗen da take yi. Bangon da ya raba ɗakinta da na Malam Callistus a gidan hayarsu na Sabon Gari ba ya riƙe sirri. Chika ce ke magana, babbar 'yarsa, wadda ta zo daga Inugu don ta tafi da shi a yi masa aikin ido. Da yarensu suka fara, amma ita haihuwar Zariya ce, in ranta ya ɓaci Hausa ke zuwa bakinta.

"Ina da ɗalibai a Samaru," in ji tsohon.

"Ɗalibai nawa? Biyu! Su ma tausayi ke kawo su."

Shekara talatin Malam Callistus ya yi yana koyar da lissafi, da farko a sakandare, bayan ritaya kuma a wata rumfar lesin a Samaru. Darasi ɗaya ya fi ƙauna. Sai ya tayar da ɗalibai uku, ya sa su yi ta sauya layi har su gano hanya shida ce kacal. "Uku sau biyu sau ɗaya. Shi ne faktoriyal. Ƙara mutum ɗaya, ka ga ashirin da huɗu!" Sunan Baba Faktoriyal ya bi shi har kasuwa. Kalmar ma ta samu gindin zama a gidan haya: in ɓeraye suka yi yawa, ko gulma ta bazu, sai mata su ce abin ya zama faktoriyal.

Bai bar darasin a allo ba, har teburin gidansa ya kai shi. Su biyar ne: shi, matarsa Oluoma, Chika, ƙanenta Nonso, da autarsu Chimdi. Kujera biyar, hanyar zama ɗari da ashirin. Ya kafa doka cewa duk Lahadi in an taso coci za a ci abinci a sabon jeri, ba maimaici, sai an ƙure su duka. A bayan kalanda yake rubuta wanda aka yi.

Maƙwabta sun ɗauka wasa ne. Kaltume, da take jin komai ta bango, ta san ba wasa ba ne zalla. 'Ya'ya sun fara girma sun fi ƙarfinsa, wannan ce kaɗai dabarar da ta rage masa ta sa kowa ya dawo gida ya zauna inda ya ce.

A Lahadi ta tamanin da takwas, cikin 2003, jerin ranar ya ba Nonso kujerar da ke kusa da uban. Ga shi duk makon suna cacar baki, saboda Nonso yana so ya bar karatu ya koyi gyaran rediyo.

"Papa, ni fa ba lamba ba ne. Ba zan zauna nan ba."

"In ba ka zauna nan ba, ba ka da wurin zama a gidan nan."

Nonso ya fita ya tari acaɓa zuwa Samaru wajen abokansa. A Kwangila tirela ta haye su.

Bayan an binne shi, Oluoma ta tafi garinsu da Chimdi, ba ta dawo ba. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce laifinsa ba ne. Kaltume tana ganin da ta faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Shekara huɗu ke nan. Duk Lahadi Kaltume na jin ƙarar jan kujeru da ta faranti biyar. Sau ɗaya ta kai masa waina ta hangi kalandar. Jerin bai wuce tamanin da bakwai ba.

Faɗan maganar aikin idon ya ƙare da kukan Chika. Can aka ji tsohon ya ce, "To, na ji."

Washegari da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar gida. Kaltume ta fito yi masa sallama. Ya ɗauko jakarsa da kansa, yana laluben bango, har bakin ƙofar ɗaki. Nan ya waiwaya. Kujeru huɗu suna manne da tebur, ɗaya a janye.

"Papa, motar Inugu za ta cika fa," in ji Chika.

"Malam, ka je a duba idon nan," in ji Kaltume. "Ni zan kula da ɗakin."

Ya ajiye jakar a hankali, ta cikin ɗaki.

"Chika, ki gai da mamanki," ya ce. "Ƙanenki bai zauna ba tukuna."