Jeren Murhun Zamalek

Ranar da muka tare a gidan nan na unguwar Zamalek a Alƙahira, wajen ƙarshen 2012, ban tsaya kallon Kogin Nilu da maigidana ya ce ana hangowa ta taga idan mutum ya miƙa wuya ba. Abin da idona ya fara sauka a kai wani rami ne a bangon falo, baƙi ƙirin, an zagaye bakinsa da farin marmara, an ɗora masa kanta a sama. Na ce, "Wannan kuma fa?" Maigida ya ce murhu ne na jin ɗumi, irin na Turawan da suka zauna a unguwar tun zamanin kakanni. Na ce murhu a falo? Mu a Haɗeja, ko macen da ta fi kowa sakaci ba za ta kafa murhu inda baƙi ke zama ba. Ya ce ai ba girki ake yi a ciki ba, kuma ma tsohuwar da ke da gidan ta hana hura wuta, bututun hayaƙin ya tsufa. To ka ji, murhun da ba girki ba wuta, amma ya cinye rabin bango, kuma duk wanda ya yi sallama shi zai fara gani. Na jingina masa kujera, na yi kamar ban san da zamansa ba.

Waya ce daga gida ta sa na ja kujerar nan gefe. Ƙanena ya ce yanar ido ta rufe wa Inna idanu biyu, sai dai ta lalubi bango. Maigida, wanda aikinsa na ofishin jakadanci ya kawo mu ƙasar, bai yi wata-wata ba ya ce a kawo ta Alƙahira a yi mata aiki, ta sauka a wurinmu.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ranar jerena goggonnina ne da ƙannenta suka je suka shirya mini ɗaki, ita tana can ƙurya ta rufe kai da mayafi. Na yi zaman aure a Zariya, na yi a Abuja, ko sau ɗaya ba ta taka ƙofar gidana ba. Da na haihu ma ni na tafi gida wanka. Ban ga laifinta ba, haka uwarta ta yi mata. Amma da na ajiye wayar nan sai na ji zuciyata tana bugawa kamar ta amarya. Inna za ta shigo ɗakina. Ina so ta duba ta ga irin riƙon da nake yi wa gida, ina so in ji daga bakinta cewa ban ba ta kunya ba. Abin da nake nema ke nan, kuma na neme shi da gaske, duk da ina da 'ya'ya har sun fara tasawa.

Sai ga ramin nan ya buɗe baki a tsakiyar falo.

Na nemi shawara, na kuwa samu fiye da buƙata. Maigida ya ce a cusa talabijin a ciki a huta. Na ce sai dai mu riƙa kallon labarai a kwance rub da ciki. Matar wani abokin aikinsa, wadda ta zauna a ƙasashen sanyi, ta ce can ana jera kyandirori ne dogaye da gajeru, ko a tara gumagumai masu kyau a ɗaure su da igiya. Na yi mata godiya, a raina na ce kyandir da itace a falo, Inna za ta zaci talauci ne ya biyo mu har Masar. A ƙarshe na kira ƙawata, 'yar Gombe, matar wani ɗalibi da ke zaune a unguwar Faisal. Ta hau mikrobas, 'yar ƙaramar bas ta haya, ta zo da goyonta, ta tsaya gaban murhun ta riƙe ƙugu.

"Wallahi ke 'yar gata ce," in ji ta. "Mu a shaƙƙarmu, ɗan gidan hayar nan, ko ƙusa ba ta da wurin shiga, ke an ba ki kanta ta marmara kina kuka? Yalla, ɗauki mayafi mu tafi kasuwa."

Mun zaga kasuwar Ataba, mun zaga ta Khan Khalili, har ƙafafuna suka yi tsami. Ita ke ciniki, don Larabcinta ya nuna. Idan mai shago ya faɗi kuɗi sai ta dafe ƙirji ta ce, "Haram alaik ya ammu!" ta juya kamar za ta tafi, shi kuma ya biyo mu da kayan a hannu. Muka dawo da madubi mai bakin ruwan zinare, da fitilun azumi guda biyu na tagulla, da faranti mai zane, da Ayatul Kursiyyu a cikin gilashi, da tulunan ƙasa ƙanana, da raƙumin katako, da agogo, da tum-tum masu ɗinkin 'yan tanti ja da shuɗi. Ramin kuwa muka cusa masa furannin roba har baƙin ya ɓace. Kanta ta cika ba masaka tsinke. Muka ja da baya muna yaba kanmu, sai ƙawata ta dube ni.

"To amma Innar ai ba ta gani."

Muka kalli juna, sai dariya, har goyonta ya farka. Da muka nutsu ta ce ma'alish, ba komai, kafin a buɗe ido ai akwai hanci. Nan ta yi gaskiya. Inna gwanar haɗa turaren wuta ce, da hanci take sanin gidan da mace ke ciki. Ina da kwalba guda ta haɗinta da ta aiko mini, ina ta tattali. Safiyar da za ta sauka na matsar da furannin, na ajiye kasko a cikin murhun, na zuba turare a kan garwashi. Ƙasan marmara ne, ba ruwana da tsoron ƙona kafet. Har na ce wa maigida yau ga ranar ramin ta zo.

Cikin sanyin Janairu ta iso, ƙanena na riƙe da hannunta, ta rame, ta naɗe cikin bargo. Maigida ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kau da kai. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Na ga tana ɗaga hanci a hankali, hagu da dama. Bayan ta ci abinci ta ce, "Yarinyar nan, turaren da na aiko ya ƙare ne?"

Na ce yana nan, Inna. Na tashi na ƙara. Kashegari na ninka. Hayaƙi na tashi ina gani da idona, amma falon nan in ban da ƙanshin man goge tayil ba abin da yake yi. Na zargi gawayin Masar, na zargi sanyi, na zargi hancina. Kwalba ta yi rabi.

Wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga tsohuwa mai gidan, wadda ke zaune a samanmu, cikin rigar sanyi da silifas. A raina na ce shi ke nan, ta gano na sa wuta a inda ta hana. Ta wuce ni kai tsaye zuwa murhun, ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago tana lumshe ido.

"Eh da ya binti? Wane irin bukhur ne wannan?"

Da guntun Larabcina da hannu da ka na fahimci zancen. Bututun murhunmu ya haɗu da nata, kuma ya tsage. Duk turaren da nake ƙonawa sama yake tafiya ya fito a falonta. Labulenta, kujerunta, har kyanwarta, duk sun kama ƙanshi. 'Yarta ta zo ta tambaye ta ko aure za ta sake yi. Ba faɗa ya kawo ta ba, so take ta san inda ake sayarwa.

Da na fassara wa Inna, ta fara da rufe baki da gefen bargo, sai abin ya fi ƙarfinta. Ta yi dariya har da hawaye, tana buga cinya. "Ashe sadaka kike ta yi wa sama! Ke da aka haifa a gaban kasko, wa ya ce miki ana sa turare a bakin iska?" Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya kamar ranar ba. Ta sa na fito da kaskon tsakiyar ɗaki, na rufe tagogi, nan da nan gida ya koma Haɗeja.

Tun daga ranar tsohuwar nan ta mai da falona wurin hira. Kullum bayan la'asar sai ta sauko da shayi mai na'ana'a, su zauna gaban murhun, hitar lantarki na gefe. Ita tana zuba Larabci, Inna na zuba Hausa, ba mai jin ta wani, amma kowacce ta san inda ake cewa "Allah sarki" da inda ake dariya. Ita tana kiran Inna "ya Hagga", Inna na kiranta Hajiya.

Aka yi aikin ido na farko lafiya. Da aka cire bandejin a asibiti likita ya ɗaga yatsu, Inna ta ƙirga su daidai, ta kuma gaya masa rigarsa na da tabon shayi. A mota ina ta addu'a a zuci, don tun asuba na goge kayan kantar ɗaya bayan ɗaya. Ta shigo da baƙin tabarau, ta tsaya a tsakiyar falo, ta daɗe tana kallo daga madubi har furanni.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ni ce, Inna, da wata ƙawata."

"Shago za ku buɗe?"

Na shige kicin na hau wanke tukwanen da ba su da datti, ina buga su da ƙarfi don a ji. Raina ya ɓaci sosai, har na yi ƙwalla. Ina cikin haka na ji ta ce, "Ke, zo ki sauke kayan nan. Ki ɗauko mini jakata mai zif."

Na sauke komai ina kumbure-kumbure. Ta zuge jakar, ta ɗaga zannuwa, sai ga faya-fayai sababbi fil, manya da ƙanana, da ƙorai masu sassaƙa an cusa su cikin juna. Ƙanena ya raɗa mini cewa ita ta saƙa su da lalube tun da aka sa ranar tafiya, autarmu na gaya mata launin kaba tana miƙa mata.

Ta sa na hau kujera, ita tana ƙasa da sandarta tana nuni. Madubi ta ce a kai uwar ɗaka, can ne wurinsa. Ayatul Kursiyyu ta sa aka ɗaga can sama da komai. Babban faifai ya hau tsakiya, matsakaita suka kewaye shi, ƙanana suka bi gefe da gefe suna saukowa har bakin marmara. "Dama kaɗan. A'a, kin zarce. Wai ke idonki ne aka yi wa aiki ko nawa?" A kan kanta ta bar fitilun biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, farantin tagulla a tsakiya, sauran wurin ta ce a bar shi ya sha iska. Furannin roba ta ce a ba yara su yi wasa. Ramin kuwa ta durƙusa da kanta ta jera ƙorai, babba a ƙasa, ƙarama a sama, sai baƙin bangon ya fito da zanensu raɗau.

Ina tsaye a kan kujerar nan, ƙusa a baki, na gane abin da ake yi. Jere Inna take yi mini, da hannunta. Kuma tun a gida ta shirya shi, ba ta san da wani murhu ba. Na cire ƙusar na ce, "Inna, ashe da shirinki kika zo."

"Wane shiri? Faya-fayan rufe kwano ne na kawo, sai na ga bango ba kowa."

Ta matsa kusa tana duba saƙarta, karo na farko da ta gan ta da ido. Ta sa yatsa inda ja ya kutsa cikin kore, ta yi tsaki ta ce dubi ɓarnar da aka bar ta ta yi. Na ce ni dai ba mai sauke mini shi.

Da la'asar tsohuwa ta sauko. Tana shigowa ta ja ta tsaya, ta tafa hannu tana "Allah! Allah! Masha Allah!" Na tafi ɗauko kofuna. Ina dawowa da tire na tarar Inna ta kama hannunta, tana yi mata magana da Hausa, a hankali, dalla-dalla, kamar mai ba da saƙo.

"Hajiya, kin ga yarinyar nan? Ita ce ta farina. Tun da na zo nake taɓa ko'ina a gidan nan da hannu, ban taɓa ƙura ba. 'Ya'yanta da ladabi, mijinta a ƙoshe. Ta iya riƙon gida, ta fi ni ma. Ban taɓa gaya wa kowa ba, sai ke."

Tsohuwa ta gyaɗa kai ta ce, "Tamam ya Hagga," sannan ta juyo gare ni tana tambaya me aka ce. Na ajiye tiren a gabansu.

Inna ba ta ko dube ni ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Ke kuma ba da ke nake ba. Zuba mana shayi."

Na durƙusa na zuba, rabi a kofi rabi a tire.