Jan Zaren Malam Labaran

Ranar Talata, 12 ga Disamba, 1978, Allah Ya karɓi ran Malam Labaran tela a gidansa da ke Kabong, bayan jinyar mako uku. Labarin ya same ni a wurin aikina a Vom. Da na gama salati, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne karatunmu, ko shi ma ya tafi ke nan. Na ji kunyar wannan tunani, amma Malam, na san da kana nan dariya za ka yi.

Malam, shekara shida kana ɗora mana aiki. Duk ƙarshen shekara sai ka zaɓo tsofaffin littattafai goma sha biyu, irin waɗanda kowa ke yabo amma ba kowa ya buɗe ba, kowane wata da nasa. Mu biyar ne, littafi ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Da yake sana'a ba ta barin mai ita, sai ka ɗinke shafuka goma na ƙarshe da jan zare don kada wani ya leƙa. Asabar ɗin ƙarshen wata mu taru a shagonka, ka sa almakashi ka yanke zaren, ka karanta mana kana jan rai. Ngozika, ma'aikaciyar asibitin da ke cikinmu, ta taɓa yin mako biyu tana gaishe ka a daƙile, don ka ɗinke daidai inda jirgin ruwa ya fara nitsewa.

Ni kam haƙurina bai kai nata ba. Wata rana na warware, na karanta, na mayar da ɗinkin da allurar matata. Kana karɓa ka juya littafin, ka ce, "Haladu, ko da ƙafa na yi wannan ɗinkin ai ya fi haka kyau." Shekara huɗu kana tsokanata da wannan magana, kuma wallahi ban taɓa gajiya da ita ba.

Bana Disamba ta same ka a kwance, ba wanda ya iya tambayarka littattafan baɗi. Mun riga mun fid da rai. Ranar sadakar uku mai ɗakinka Safara'u ta sa aka kira ni, ta turo kwali daga bayan labule. Littattafai goma sha biyu ne, kowanne da jan zarensa. Ɗinkin na ƙarshen ya karkace har ya fi nawa muni, don hannunka ya fara rawa. Ta ce, "Baban Hassana ya ce a ba ka almakashin. Wai tunda ka iya warwarewa, gara ka riƙa yi da izini." Na yi dariya, hawaye na zuba.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Safara'u da Hassana da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi. Littafin Janairu yana gabana yanzu haka. Zaren yana nan, Malam, ban taɓa ba.